Kawu da Kiɗan Mutuwa

Daga Allah muke, kuma gare Shi Kawu ya riga mu komawa, da safiyar wata Asabar, a gidansa na Garki. Ya dawo daga sallar asuba, ya ce bari ya ɗan kishingiɗa kafin ruwan shayi ya tafasa. Ruwa ya tafasa, ya huce, Kawu bai tashi ba.

A littattafan da na girma ina karantawa, mai mutuwa yakan kama hannun wanda yake ƙauna, ya faɗi maganar da za a riƙe har abada, sama kuma ta kece da ruwa. Kawu bai kama hannun kowa ba. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ita ce kada in cika masa sukari. Rana ta fito fes, mai sayar da ruwa ya wuce da kurarsa yana kiran masu saye, kamar ba a ɗauke mana komai ba.

Ba mu muka sanar da maƙwabta ba, shiru ne ya sanar da su. Maman Biyu, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, mutuniyar Filato ce mai sayar da biredi da lemo a ƙofar gidanta. Ita ta fara shigowa, tun kafin mu buga wa kowa waya, ɗankwalinta a hannu.

"Na ji ba kiɗa," in ji ta. "Rana ya fito, ba kiɗa. Na ce ma oga, je ka duba Baba. Ya ce wai ƙila an ɗauke wuta. Na ce wane wuta, ga firij yana aiki! Wayyo Baba. Wayyo Baba na."

Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ni na kasa yi.

Bayan an kai shi, gida ya cika. Tsofaffin abokan aikinsa na gidan rediyo suka zo da sandunansu, suka jeru a ƙarƙashin rumfa. Ɗaya daga cikinsu ya girgiza kai ya ce, "Mutumin nan ya raka manya da yawa da hannunsa, yau ga shi mun raka shi ba ko ƙyas." Sauran suka yi murmushin da bai kai zuci ba. Sai kuma waɗanda ban zata ba: wata ma'aikaciyar jinya da kayan aikinta a jiki, wani bakanike da baƙin mai a farce, wata matar aure da goyo. Duk yaran layinmu ne na da, waɗanda suka zauna a tabarmar Kawu ranakun Asabar. Bakaniken ya durƙusa a gabana ya ce, "Anti, ni wallahi har na girma ban gane kiɗan nan ba. Amma a gidan nan na koyi zama wuri ɗaya. Kuma yau in mota ta shigo gareji, kafin a buɗe ta nakan ce a bar ni in ji."

Na yi ta amsa "ya haƙuri" da "da godiya" har bakina ya daina jin abin da yake faɗa.

Da la'asar Inna ta iso daga Yangoji, jar ƙasar gona a dugaduganta. Inna yayar Kawu ce, kuma yayar mahaifiyata, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Ba ta yi kuka ba. Ta yi alwala, ta yi salla, ta shiga falo, idonta ya sauka a kan durowar da ke kusa da taga.

"Har yanzu suna nan?" ta ce.

Fayafayan garmaho take nufi. Na ce suna nan, Inna.

"To. In an yi bakwai da su zan koma. Akwai wutar da za ta cinye su a Yangoji."

'Yata tana tsaye a bakin ƙofa lokacin. Tana aji biyu a firamare, kuma tana in'ina tun da ta fara magana. Tun da safe da ta ga an rufe fuskar Kawu ba ta ce uffan ba. Ta kalli Inna, ta kalli durowar, ta koma ɗaki.

Ina rubuta wannan ne don kada a tuna da Kawu a matsayin tsohon nan mai kiɗan da ba wanda ke ganewa. Na gaji, hannuna ma ya gaji, amma in ban rubuta ba waye zai rubuta?

Kawu ya yi aikinsa ne a ɗakin ajiye fayafayai na wani gidan rediyo. A ɗakin akwai wata durowa da ba a buɗewa sai ranar da wani babba ya mutu. Cikinta kiɗan Turawa ne na da, irin wanda ba a waƙa a cikinsa, sai goge manya da ƙanana, da sarewa, da piyano, da ganguna can a baya. Duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. In ka kunna rediyo ka ji an ɗauke shirye-shirye an sa wannan kiɗan, gabanka zai faɗi, ka san sanarwa tana tafe. Ma'aikatan suna kiran durowar durowar makoki, kuma Kawu ne mai buɗe ta.

"Uwata," yakan ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini, ba ya iya faɗarsa, "ƙasa gaba ɗaya tana jira a yanke kiɗan a gaya mata wanda ya mutu. Ni kuwa ina zaune a ciki ina roƙon Allah kada mai sanarwa ya zo da wuri. Astagfirullah. Amma a kullum sai ya yanke mini shi a daidai inda ya fara daɗi."

Da gidan rediyon ya koma amfani da kwamfuta, aka fitar da fayafayan za a zubar. Kawu ya kwaso su, da wani tsohon garmaho, ya kawo gida. Ruwa ya riga ya ci kwalayensu, rubutun da ke jikin da yawa ya goge. Bai damu ba. Shi ya raɗa musu suna da kansa. Akwai Gardamar Direbobi, akwai Hadari Ya Taso Bai Zubar Ba, akwai Wanki a Bakin Rafi, akwai Tsohuwa Tana Hawan Dutse.

Asabar ɗin farko da ya kunna garmahon a Garki, ina ƙarama, na tuna ta kamar jiya. Ya buɗe taga, ya ƙure murya. Ba a jima ba sai ga Maman Biyu ta faɗo gida ba sallama, ta rufe shagonta, hannu biyu a ka.

"Baba, wa ya mutu? Shugaban ƙasa ne? Sojoji ne?"

Kafin Kawu ya yi bayani labari ya zaga layi. Maza suka fito da rediyoyinsu suna murɗawa, wata ta aika a ɗauko 'ya'yanta daga makarantar Islamiyya, mai shayin bakin titi ya fara haɗa kofunansa. Kawu ya fito da jallabiya yana ba mutane haƙuri, yana dariya har da hawaye. "Ba kowa," yake ta cewa. "Ba wanda ya mutu. Duk muna nan."

Daga ranar layinmu ya sa wa abin suna kiɗan mutuwa. Kuma daga ranar, duk Asabar in garmaho ya tashi, Maman Biyu za ta ɗaga murya ta bayan katanga: "Baba, wa ya mutu?" Shi kuma ba zai amsa ba sai faifan ya kai ƙarshe, don a wurinsa ba a magana in ana kiɗa. Sai allura ta fara ƙarar susa, sannan ya leƙa taga ya ce, "Ba kowa, Maman Biyu. Yau ma duk muna nan." Ta saba, takan tsaya da soson wanke-wanke a hannu tana jiran amsarta. 'Yan biyunta suka girma suka yi aure, ba ta fasa tambaya ba, bai fasa amsawa ba.

Yara ne suka fara zuwa kallon mai kiɗan mutuwa, sai ya shimfiɗa musu tabarma. Dokarsa ɗaya ce: in faifai ya fara, ba magana, ba fita, sai ya ƙare. Wanda ya buɗe baki, Kawu ba ya tsawa, yatsa ɗaya kawai yake ɗagawa. In an gama sai ya bi su da tambaya. Wa ya fara magana, goge ko sarewa? Da sarewa ta yi magana, me babban goge ya ce mata? Ya yarda ko bai yarda ba? Yara su yi ta musu, shi kuma yana raba musu dabino. Ana kiran salla zai ɗaga allura a hankali, ko da a tsakiyar inda ya fi so ne, ya kora Musulmin cikinsu masallaci, ya ce wa sauran su jira shi.

Wani maƙwabci ya taɓa tambayarsa amfanin abin, tunda ba a rawa da shi, ba kuma wa'azi a ciki. Kawu ya ce, "Muna koya wa yaro magana, muna koya masa tafiya, kunne kuwa mun bar shi kamar akuyar da ba ta da mai ita. Dubi mutanen nan da ke cikin faifai. Sun fi cikin mota yawa, kowa da abin kiɗansa, amma kowa ya san lokacin da zai yi shiru. Yaron da ya iya jiran sarewa ta gama, gobe zai jira matarsa ta gama magana."

Ni a tabarmar nan na yi 'yanmatancina, littafin soyayya a ɓoye cikin hijabi. Kawu ya sani. Wata rana ya ce, "Fito da shi, Uwata, karatu ba magana ba ne." Tun daga nan duk saurayin da na karanta da muryar goge yake zuwa mini, duk rabuwa da piyano. In na share hawaye sai ya ce, "Wannan karon wa aka hana wa?" Da wanda ya zama uban 'yata ya zo gaishe shi, Kawu ya zaunar da shi ya sa masa faifai. Bai kai rabi ba mutumin ya amsa waya, ya fita, ya dawo yana tambaya ko an gama. Da ya tafi Kawu ya ce, "Yana da kirki. Amma ba ya bari a kai aya." Bai ƙara ba, bai hana ba, shi ya ɗaura auren. Da auren ya kai inda Allah ya rubuta masa, na kama ɗaki a Mpape ni da 'yata, Kawu bai taɓa tuna mini da maganar ba. Cewa kawai ya yi, "Duk Juma'a da yamma ku taho nan ku kwana. Amaryata tana da aiki ranar Asabar."

Amarya yake kiran 'yata, irin wasan kaka da jika. Yakan ce ta cika tsada, ta cika yanga, ba ta iya tuwo ba. Ita kuma ta murguɗa masa baki ta ce ba ta son miji mai furfura, in maganar ta yarda ta fito.

Sau da yawa ba ta yarda. A Mpape ɗakinmu yana kusa da inda ake fasa dutse. In aka tayar da nakiya, taga takan yi rawa, ƙura ta zubo daga rufi, 'yata ta shige ƙarƙashin gado. Bayan nan sai harshenta ya ɗaure, ta wuni tana kokawa da kalma ɗaya, yara a makaranta suna kwaikwayonta. Ni kuma in dawo daga aiki, in hau tudun unguwar da ƙafa, ba ni da sauran ƙarfin da zan jira ta. Sai in ƙarasa mata maganar, ta sunkuyar da kai.

Kawu bai taɓa ƙarasa mata magana ba. Ya zaɓo faifan da ya fi kowanne manyan ganguna, wanda yake kira Hadari Ya Taso Bai Zubar Ba. Da gangunan suka faɗo ta toshe kunne ta ruga bayansa. Ya mayar da allura baya kaɗan.

"Amarya, saurara. Ganga ba ta shigowa ba sallama. Kin ji 'yar sarewar nan? Ita ce 'yar aike. In kin ji ta, ki ja numfashi, ki ce masa bismillah, shigo."

Suka yi ta maimaitawa Asabar bayan Asabar, har ta kai in sarewar ta yi kuka sai ta ɗaga hannu ta ba gangunan izini da kanta. Sannan ya ce mata masu fasa dutse ma suna da 'yar aike, ta saurara za ta ji. Ashe kuwa suna busa jiniya kafin su tayar. Ni da na daɗe a unguwar kunnena ya daina jin ta. Wata rana ina wanki na ga ta tsaya cak a tsakar gida, ta ja numfashi, ta ce, "Shigo." Dutse ya fashe, ƙasa ta girgiza, 'yata tana tsaye.

Ya koya mata ta bi babban goge da murya, baki a rufe, doguwar ƙara ba hanzari, sannan ta ɗora kalma a ƙarshenta kamar mai ɗora tulu a kan gammo. Ba zan ce kiɗa ya warkar da ita ba. Har yau tana in'ina. Abin da ya ba ta shi ne ta daina tsoron shirun da ke zuwa kafin kalma. Kuma ya koya mata riƙe faifai ta gefe, da goge shi da tsumma mai laushi, da sauke allura. Ta san kowanne da kalar tsakiyarsa da irin karcen da ke jikinsa, abin da ni ban taɓa iyawa ba.

Inna kaɗai ce ba ta taɓa zama a tabarmar ba. Rigimarsu ta girme wa 'yata nesa ba kusa ba. A shekarar da Kawu ya shigo da fayafayan gida, a shekarar mahaifiyata ta rasu, a ɗakin da ke kallon falo. Inna ta haɗa biyun ta ƙulle, ba wanda ya iya kwance mata. Na tuna ranar da suka yi ta a tsakar gida.

"Abin da ake sa wa matattu ka kwaso ka kawo cikin rayayyu! Kana kiranta tana zuwa, kai ba ka gani?"

"Yaya, mutuwa ba ta jin Turanci."

"Ka mayar da ni abar wasa. Yaron nan tun kana ƙarami ba ka jin magana."

Yana da furfura har a gira lokacin, amma a bakinta yaron nan ne. Ta yi rantsuwa ba za ta ƙara kwana a gidan ba in Asabar za ta riske ta, kuma ta cika. Takan zo Litinin ta koma Alhamis. Duk kaka kuwa sai ta aiko masa da sabuwar doya, shi kuma ya aika mata da maganin gwiwa, kowa yana cewa ɗan aike kada ya ce daga wurinsa ne.

Wannan karon mutuwa ta sa Asabar ta riske ta.

Kwanakin zaman makoki suka yi ta jan ƙafa. Shinkafa, tabarmi, gaisuwa, wanke kwanuka, wata gaisuwar. 'Yata tana cin abin da aka ba ta, tana bin ni da ido, ba kalma ko ɗaya. Ba in'ina ba ce wannan, in'ina ai ƙoƙari ce. Wannan rufe ƙofa ne. Na ja babban ɗan Kawu gefe na yi masa magana, ya ce shi ba zai ja da Inna a kan tsofaffin robobi ba, in kiɗa nake so ai yana cikin waya. Na gwada. Na rubuta kiɗan Turawa na da, abubuwa suka fito ba iyaka, na sa mata ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara kaɗan ta kau da kai. Waya ba ta san Wanki a Bakin Rafi ba. Sunayen da muka sani Kawu ne kaɗai ya san su, shi da yarinyar da ta daina magana.

Na sami Inna tana jan carbi na durƙusa.

"Inna, ki bar wa yarinyar nan fayafayan."

"Mai sunan Iya, kin ga na yi kama da mai mugunta?" Muryarta a gajiye take kamar tawa. "Ƙanwata ta tafi, ƙanena ya tafi. Ni na goya su duka biyun. Yanzu so kike in bar abin nan ya bi ki Mpape? Kuma shi da ke kwance, in nauyi ne a kansa fa? Bar ni in sauke masa abin da zan iya."

Ban iya gardama da tsohuwar da ta binne 'yan ɗakinsu kaf ba. Na tashi na koma wanke-wanke.

Ranar Juma'a aka yi addu'ar bakwai, baƙi suka watse. Da safiyar Asabar Inna ta zazzage buhun da ta zo da gari a ciki, ta buɗe durowa ta fara zuba fayafayan, tana kama su ta tsakiya kamar faranti. Motar da za ta kai ta tasha tana jira a waje. Sai 'yata ta fito daga ɗaki, ta zo ta riƙe bakin buhun da hannu biyu.

"Sakar mini, ke."

Ba ta saka ba.

"In kina so ki buɗe baki ki ce kina so. Ba a yi mini kurumta."

Na ga leɓenta yana rawa, na ga wuyanta yana aiki, ba abin da ya fito. Bakina ya buɗe zan ƙarasa mata kamar yadda na saba, sai na tuna Kawu, na rufe.

Inna ta dube ta. Sannan ta saki buhun ta zauna a kujerar Kawu, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo.

"To sa ɗaya. Sa in ji abin da ya hana yaron nan jin maganata har ya koma ga Allah. Ɗaya tak, direba yana jira."

'Yata ta durƙusa ta yi ta ɗaga fayafayan tana duba tsakiyarsu, har ta ciro wani mai ɗan tsagi a gefe. Ta goge shi da bakin hijabinta, ta ɗora, ta sauke allura yadda aka koya mata.

Babban goge ne ya fara, shi kaɗai, a hankali, kamar mai ɗaga ƙafa da ƙyar. Ya hau kaɗan ya tsaya, ya sake hawa. Ƙanshin turarensa yana jikin labule, hularsa tana rataye a ƙusa, ga kiɗansa, shi kaɗai ne babu.

"Wannan ai..." Inna ta fara.

'Yata ta ɗaga yatsa ɗaya.

Inna ta kalli yatsan. Ban san abin da ta gani a jikinsa ba. Ta mayar da bakinta ta rufe.

Ƙananan goge suka shigo suna tallafar babban, sarewa ta biyo su daga nesa. A daidai nan, ta bayan katanga, cikin ƙarar kwanuka, muryar Maman Biyu ta tashi yadda ta saba tashi shekara da shekaru, baki ya riga tunani:

"Baba, wa ya mu..."

Muka ji kwano ya faɗi. Muka ji ta ce "Yesu," ƙasa-ƙasa.

Ba wanda ya motsa a falon. Direba ya yi ham a waje, ba wanda ya kula shi. Kiɗan ya ci gaba da hawa abinsa, don shi bai san an yi kuskure ba. Inna ta rufe ido, carbinta ya tsaya a tsakanin yatsu. A karo na farko a rayuwarta ta ji faifan Kawu har ƙarshe, ba mai sanarwar da ya zo ya yanke shi.

Allura ta fara ƙarar susa. Lokacin amsa ya yi, mai amsawa ba ya nan. Na san Maman Biyu tana tsaye a bayan katangar nan, hannu a baki.

'Yata ta ɗaga allura ta ajiye. Ta je taga, ta yi ɗage don ta kai. Na ji ta ja numfashi, na ji 'yar ƙarar nan ta babban goge a maƙogwaronta, doguwa, ba hanzari.

"Ka... Kaka ne ya mutu, Maman Biyu." Ta sake jan numfashi. "Amma mu... mu muna nan."

Daga bayan katanga kuka ya ɓarke. Ni ma a lokacin nawa ya zo, wanda na yi mako ina nema.

Inna ta share fuska da gefen mayafi, ta yi gyaran murya.

"Shi wannan ɗin, me yake ce masa?"

"Tso... Tsohuwa Tana Hawan Dutse."

"Tsohuwa." Inna ta jinjina kai. "Ni yake nufi, ja'irin yaro. Har da tsayawar da nake yi in huta." Wani abu mai kama da dariya ya kama ta, ya juye ya zama tari. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi ƙofa. A bakin ƙofar ta waiwayo, ba ta kalli kowa ba sai buhun.

"Ku juye mini buhuna. Doya zan aiko a ciki."

Fayafayan suna Mpape yanzu, a ƙarƙashin gadon da 'yata ta daina shiga. Mun hau da garmahon tudu ni da wani mai baro, muna hawa muna tsayawa. Asabar ɗin farko da ta kunna shi, matar ɗakin da ke kusa da namu ta fito da gudu, kumfar sabulu a hannu, tana tambaya ko lafiya, wani babba ne ya rasu? Yaranta suna bayanta suna leƙe. 'Yata ta ɗaga mata yatsa, ta matsa gefe, ta buɗe musu wuri a tabarma.

Allah Ka ji ƙan Kawu, Ka yalwata masa makwanci, Ka saka masa da haƙurin da ya yi da kunnuwan 'ya'yan mutane. Mu kuma da muke nan, Ka ba mu ikon jira a kai aya.